Sammacin Hajiya Kacalla

Da Malam Abdulmannan ya yi ritaya ya dawo Hadejia, abu uku ya zo da su daga Kaduna: wata tsohuwar mota ruwan toka da ya saya da kuɗin sallama, da madubin hangen nesa mai ido biyu, da kuma baki. Motar takan yi gardama da safe, madubin ido ɗaya ya dushe, amma bakin nan ko sau ɗaya bai taɓa zuwa wajen gyara ba.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tuƙa wani alƙali, don haka a ganinsa babu abin da ya rage masa a sanin shari'a sai hular gashin nan. In gardama ta tashi a majalisar ƙofar shagon Mala tela, ko da ta ƙwallo ce, sai ya gyara zama ya ce, "Ku bari wanda ya tuƙa shari'a ya yi magana." Aka laƙaba masa Direban Shari'a, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Babban abin alfaharinsa shi ne fita shan iska. Kowace Asabar sai ya loda kujerar naɗewa da sandar fatsa da tulun shayi a but ɗin motar, ya rataya madubi a wuya, ya kama hanyar Kirikasamma shi kaɗai. Ba ya ɗaukar kowa, wai surutun mutane yana korar tsuntsaye. Gaskiyar magana kuwa, tayarsa ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Inda ya ga doguwar ciyawa kore shar a bakin titi, nan zai tsaya ya jingina da ita ya ɗauki hoto, ya tura wa duk wanda tsautsayi ya sa ya ba shi lambar waya. Da yamma ya dawo majalisa da labarin tsuntsayen fadamar Baturiya masu zuwa daga ƙasar Turawa, waɗanda yanzu har sun gane motarsa.

Wata Asabar ya shigo gida da tarwaɗa ya ce da hannunsa ya kama. Matarsa Bara'atu ta kwance ledar ta tarar da su a bandace, har da ɗan ƙullin yaji a gefe.

Ta ce, "Baban Mansura, kogin namu har banda yake yi yanzu?"

Ya ce, "Zafin but ne. Ke me kika sani game da mota?"

A gidan akwai mahaifiyarsa, Iya, wadda tsufa ya fara cin ƙarfinta amma bai taɓa harshenta ba. Da yake shi ne ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mutumin Kaduna". Ran nan da rana ana cin tuwon shinkafa, Iya ta yi loma biyu ta ture kwanon.

Ta ce, "Shinkafar buhu ba ta da ƙamshi. Ni da zan ƙara cin tuwon gonar Malam ko sau ɗaya kafin a kira ni, da na gode Allah."

Malam shi ne marigayi mijinta. Abdulmannan ya ɗago kai, don shi har ga Allah ya manta suna da gona. Ya ce, "Af, wa ke noma ta yanzu?"

"Noma? Ai kacalla ta cinye ta tun tuni."

To, duk wanda ya zauna a ƙasar Hadejia ya san kacalla. Ciyawar ruwa ce doguwa, wadda ta toshe hanyoyin kogi ta mamaye gonakin fadama. Amma lokacin da Abdulmannan ya bar gida yana saurayi, shalla ake ce mata, kuma ba ta wuce 'yar kaɗan a gefen tafki ba. Sunan da ɓarnar duk a bayansa suka zo. Shi Kacallan da ya sani a Kaduna sunan mutane ne, Barebari masu kuɗi.

Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce, "Mace? Mace ce ta ƙwace gonar ubana ina raye?"

Bara'atu ta ce, "Baban Mansura, ai ita kacallar nan..."

"Dakata. Maganar fili maganar shari'a ce, ba ta madafa ba." Ya juya wajen tsohuwa ya bugi ƙirji. "Iya, na yi miki alkawari, tuwon gonar nan sai kin ci shi. Wannan matar ba ta san wanda ya dawo gari ba."

Iya ta dube shi. Ba ta gyara masa ba. Ta jawo carbinta ta ce, "Allah ya nuna mana."

Bayan la'asar ya dira a majalisa ko zama bai yi ba. "Wa ya san wata mata wai ita Kacalla?"

Keken ɗinkin Mala ya tsaya cak. Shu'ibu mai kurkura, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya buɗe baki zai yi bayani, Mala ya take masa ƙafa a ƙarƙashin benci.

Mala ya ce, "Wa bai san ta ba? Daga nan har Guri babu gidan manomin da ba ta sa kuka ba."

"'Yar ina ce?"

"Ba wanda ya san ranar zuwanta. Wayar gari aka yi aka gan ta."

"Tana da shaidar mallaka?"

"Ba ruwanta da shaida. Inda ta sa ƙafa, nata ne."

"Hukuma fa, tana kallo?"

"An turo mata injuna, sun gaji sun koma. Har wuta an sa mata. Ba a jima ba ta fito ta fi da kyau."

Abdulmannan ya maze. "Asiri ne kawai. Mun ga irinsu a kotu. Yaya kamanninta?"

"Doguwa ce," in ji Mala. "Kai da hularka ba za ka kai kafaɗarta ba. Kullum cikin kore take."

Shu'ibu, da ya gano inda aka dosa, ya ce, "Ga jan-baki. Ita da jan-bakinta su suka gama da manoman shinkafa." Yana nufin tsuntsayen nan masu kwana a cikin ciyawar, su fito da safe su share gona.

Abdulmannan ya yi tsaki. "Har da kwalliya. Tana cin haƙƙin marayu tana shafa jan-baki."

Abin ban haushi game da mutanen majalisar nan shi ne, a duk zaman babu wanda ya yi ƙarya ko ɗaya.

Ya sanar da su cewa Asabar zai kai mata sammaci da bakinsa. Wanda ya ga dama ya biyo baya ya ga yadda ake aiki, amma motarsa shi kaɗai, kamar kullum. Daga nan ya wuce wajen wani mai tallar maganin gargajiya ya aro lasifikar hannu, domin a cewarsa irin waɗannan masu kuɗin sai an kira su a bainar jama'a suke jin kunya.

Ranar Asabar ya fito cikin farar babbar riga mai aiki, wadda tun ɗaurin auren Mansura ba ta fito daga akwati ba. Bara'atu ta biyo shi har zaure.

"Don girman Allah ka tsaya in faɗa maka kalma ɗaya."

"In kin ji tsoro ki yi mini addu'a. Ban da lokacin kalma."

Iya ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "In ka ga giginya biyu manne da juna, nan ce gonar."

"Na sani, Iya. Fadamar nan kamar tafin hannuna take."

Motar ta ƙi tashi. Sai da majalisa gaba ɗaya ta tura shi har bakin titi, yana zaune yana ba su umarni ta taga.

Kaka ce, ruwa ya fara ja da baya. Hagu da dama fadama ta cika da bado, balbelu sun yi fari a kan itatuwa, masunta na kwance a kan manyan goruna suna shawagi. Wata rana da nan zai tsaya ya sha shayi ya koma gida da labari. Yau kuwa wucewa ya yi yana bitar jawabinsa, yana nuna gilashin gaba da yatsa.

Bayan Kirikasamma ya tsaya a wani ƙauye wajen wata mai suyar kifi.

"Baiwar Allah, ina Kacalla ta fi zama a nan?"

Ta nuna masa jingar da aka tara don tare ruwa. "Bi nan. Da kanta za ta tare ka."

"Tana nan kuwa yau?"

"Ina za ta? Amma Malam, mota ba ta bin jingar nan."

"Wannan motar Kaduna ta bi," in ji shi. Ya karya sitiyari, tayarsa ta taka ƙasa a karo na farko.

Jingar faɗinta daidai faɗin motar ne, babu ragi. Bai yi nisa ba ya yi kiciɓis da garken shanu. Ya danna hon, hon ya maƙale. Shanu suka rikice suka ratsa ta gefe da gefe suna gogar ƙofofi, wani bajimi ya saƙalo madubin gefe a ƙahonsa ya wuce da shi. Makiyayin ya bi su da gudu yana faɗin maganganun da Abdulmannan ya gode Allah da ba ya jin Fulatanci. Sai da ya naushi sitiyarin hon ɗin ya yi shiru.

Can ya hango giginya biyu manne da juna. A gabansu ga wani fili shimfiɗe, kore, sumul kamar darduma.

Ya ce a ransa, "Lallai matar nan ta ci kuɗi. Har wajen ajiye motoci ta yi."

Ya saki jinga ya gangara cikinsa da ƙarfinsa. Ashe kainuwa ce ta rufe ruwa. Motar ta yi wani irin nishi, ta zauna har zuwa marfin ƙofa, injin ya yi tari biyu ya mutu. Ruwa mai sanyi ya shigo ya gaishe shi a gwiwa. Da ƙyar ya fito ta taga, rigar ta kama a wani ƙarfe ta yage daga hammata, takalmi ɗaya ya tafi bincike a ƙasan ruwa. Ya hau rufin motar da lasifika a hannu da madubi a wuya.

Ya ɗora madubin a ido ya duba gabas, ya duba yamma. Babu gida, babu katanga, sai doguwar ciyawa iyakar gani. Ya kaɗa kai. Wato har ɓoye gidan ta yi a cikin ciyawa.

Ya danna lasifika. "Hajiya Kacalla. Hajiya Kacalla, ana sallama da ke. Ni ne Abdulmannan ɗan Malam Ja'afaru, mai wannan gona."

Ciyawar ta amsa, amma ba da baki ba. Jan-baki dubbai suka tashi lokaci guda da wani irin ƙugi, suka rufe rana, suka yi ta kewaya kansa. Kafin su watse, farar rigar ta sami sabon aikin kashin tsuntsu da Mala bai taɓa ɗinka irinsa ba.

Ƙarar ta jawo jama'a. Masunta suka matso a kan gorunansu, mutanen ƙauye suka cika jinga, mai suyar kifi ta zo da matsaminta a hannu. Sai ga kurkurar Shu'ibu tana rangaji, Mala a gaba, Bara'atu da Iya a baya kan tabarma. Bara'atu ce ta kasa zama, Iya kuwa ta ce ba za a bar ta a gida ba.

Da mai hankali ne, da ya ga haka sai ya nemi a fito da shi. Shi kuwa da ya ga taro, sai ya ga kotu ta cika. Ya gyara hula, ya tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya babu.

"Kacalla, ga shaidu sun hallara. Kin ci gonar marayu, kin tare wa talakawa ruwa. Asirinki ba ya ci na. In kin haifu cikin uwarki da ubanki, ki fito mu yi ido da ido."

Mala ya cusa hularsa a baki.

Sai ciyawar ta motsa. Ta dare biyu a hankali, wata mata ta fito daga ciki tana ratsa ruwa. Doguwa ce, ga wani ƙaton dami a kanta da ya ƙara mata tsawo. Zanenta kore. Leɓunanta jawur saboda goro da fure. A hannunta lauje ne yana ƙyalli. Fuskarta kuwa babu alamar wasa, don tsuntsayen nan ita ma ba su ƙyale ta ba.

Ta ce, "Wane ne yake cika wa mutane kunne?"

Direban Shari'a ya ɗan ja da baya. Ya dubi laujen, ya dubi leɓunan, ya tuna an sa mata wuta ta fito ta fi da kyau. Ya durƙusa a kan rufin motar. Abu ɗaya ya manta, bai ɗauke yatsansa daga kan lasifika ba.

Muryarsa ta karaɗe fadama: "Ranki ya daɗe, Hajiya, sannu da aiki. Ni ɓatan hanya na yi. Shan iska na fito. Gonar ma dama ba wani amfani za mu yi da ita ba, na bar miki halak malak. Motar ma in kina da sha'awa, sabon batir gare ta."

Matar ta ce, "Wace gona? Wace Hajiya? Ni Zainaba ce mai asabari. Kacalla na zo yanka."

"Yanka? Kin yanka ta?"

"Tun safe nake yankanta."

"Innalillahi," in ji lasifika. "Jama'a ku shaida, ba da hannuna a ciki. Ni sammaci kawai na kawo. Ina gawar?"

Zainaba ta sauke damin ta jefa shi a kan bonet. "Ga ta nan. In ba ta ishe ka ba, ga sauran a bayanka har Guri."

Jingar ta kusa rushewa. Wani masunci ya zame daga kan goransa ya faɗa ruwa yana dariya. Shu'ibu ya kwanta a kan kurkura yana bugun taya. Mala ya share hawaye ya ɗaga wayarsa sama.

"Direban Shari'a, ai kun saba. Ga hotonku na Asabar ɗin da ta wuce, har ka dafa mata kafaɗa kana murmushi."

Abdulmannan ya dubi damin, ya dubi dajin ciyawar. Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Wannan ai shalla ce. Na san ta tun kuna goye. Gwada ku nake."

"Motar ma gwada ta kake?" in ji Shu'ibu.

Aka samo shanun huɗa aka ɗaura wa motar igiya aka jawo ta kan tudu, ruwa na zuba ta kowace kafa. Da aka buɗe but, sai ga wata ƙatuwar tarwaɗa tana wutsil-wutsil tsakanin kujera da tulun shayi.

Bara'atu ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai ka kamo ɗanya."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Iya ta sa an sauko da ita, ta dogara sandarta har bakin ruwa, ta tsaya tana kallon giginyoyin nan biyu. Da mutane suka lura da ita, hayaniyar ta lafa da kanta.

Ta ce, "Mutumin Kaduna, na ji ka bayar da gona kyauta."

"Iya, dabara ce ta..."

"Yi shiru yau ɗaya." Ta nuna ciyawar da sanda. "Shekarun Malam na ƙarshe a nan suka ƙare. Ya yanka ta fito, ya yanka ta fito, shi kaɗai, ruwa har ƙugu. Duk sallar da ka zo sai ya fara yi maka zancenta, kai kuma sai ka ɗauko labarin Kaduna. Ya dawo gida ya ce mini, bari dai yaron ya dawo, mu biyu za mu iya da ita. Na san ba mutum ba ce. Ƙyale ka na yi, don ba ni da wata hanyar da zan sa ka tako nan."

Abdulmannan ya ajiye lasifikar a ƙasa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taron jama'a ba, ta uba wanda ba ya nan balle a ba shi haƙuri. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika.

Iya ta juya wajen Zainaba. "'Yar nan, ara masa laujenki. Shi ne kaɗai sammacin da take amsawa."

Ya cire ragowar babbar rigar ya miƙa wa Bara'atu tare da madubin, ya tuɓe ɗayan takalmin, ya naɗe wando ya shiga ruwa. Saran farko lauje ya zame ya kusa kai shi ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Mala ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya ce da mai suyar kifi ko akwai wani laujen a ƙauyen, Shu'ibu ma ya fara naɗe wandonsa.

Bara'atu ta buɗe kujerar naɗewa a kan jinga ta zaunar da Iya. Tsohuwar ta karɓi madubin ta jujjuya shi, ta rufe ido ɗaya ta ɗora mai kyan a ɗayan, har ta samo ɗanta a gindin giginya.

Ta ce, "Ashe abin nan yana da amfani." Ta ɗaga murya. "Ina hango ka, mutumin Kaduna. Sunkuya sosai ka kamo ta daga ƙasan ruwa. Ubanka ba a tsaye yake yankanta ba."